Ƙofar da Ba Ta da Ganuwa: Yadda Rumawa Suka Gina Ƙofofin Cin Nasara

Ina godiya da kuka ajiye harkokinku kuka zo sauraren magana a kan duwatsu.

Zan fara da matsalar suna. Abin da za mu tattauna yau, in aka ce mu raɗa masa suna da Hausa, ƙofa za mu ce. To amma mu a wurinmu ƙofa tana da sharuɗɗanta: akwai ganuwa dama da hagu, akwai ƙyaure, akwai sarkin ƙofa da ke rufewa in rana ta faɗi. Ƙofar Mata a Kano ko Ƙofar Doka a Zariya, an yi su ne don a shiga a fita, a kuma tare wanda ba a so ya shigo. Wadda Rumawa suka gina tsaye take ita kaɗai a tsakiyar hanya, ba bango, ba ƙyaure, ba mai gadi. Wanda ya ga dama ya ratsa ta cikinta, wanda bai ga dama ba ya kewaye ta. Duk da haka an zuba mata dukiya da gumi fiye da gidajen unguwa guda. Zan riƙa kiranta ƙofar cin nasara, shi kuma lanƙwasasshen rufin da ke saman hanyar in kira shi baka, kamar yadda maginanmu ke kiransa.

Kowace irin wannan ƙofa labari biyu take ɗauke da shi. Akwai wanda sarki ya ce a rubuta a goshinta da manyan baƙaƙe. Akwai kuma wanda hannun ma'aikata ya bari a jikin dutsen ba tare da an sa su ba: ramuka, tabon cizal, gaɓar da dutse ya haɗu da ɗan'uwansa. Na farkon yakan yi ƙari, wani lokaci ma yakan yi ƙarya. Ni na biyun na fi amincewa da shi, kuma ba ya karantuwa sai an san yadda aka yi ginin.

Asalin abin daga wani hawa ne. In sarkin yaƙin Rum ya ci babbar nasara, majalisar dattawa takan ba shi izinin shiga birni da rundunarsa na yini ɗaya, abin da a sauran ranaku haramun ne. Wani marubucinsu ya ce sai wanda ya kashe abokan gaba 5,000 a karo ɗaya ake ba wannan izini. Za a taru a Filin Mars, bayan gari, a jero ganima a gaba, sai kamammun yaƙi cikin sarƙa, sai fararen bijimai na yanka, sai shi gogan a kan karusa mai dawaki huɗu, sojojinsa na biye suna waƙa, har da ta zolayarsa. Haka za a ratsa gari, a bi Tsarkakakkiyar Hanya, a hau tudun Kafitol inda ɗakin babban gunkinsu yake. Da la'asar an watse. Ƙofar dutse ita ce dabarar da suka samo ta hana wannan yini wucewa.

Na farko da tarihi ya riƙe sunansa shi ne Lusiyus Sitartiniyus, wanda a shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam ya gina guda uku da ganimar da ya kwaso daga Sifen, ya ɗora gumaka masu ruwan zinariya a kansu. Ku lura da gumakan nan. Masanin Rum, Filini Babba, ya bayyana cewa manufar irin wannan gini ita ce a ɗaga mutum sama da sauran mutane. Wato tun farko ƙofar matashi ce aka yi wa mutum-mutumi. Da sarauta ta kafu a hannun Agustus, sai hawan ya koma na gidan sarauta kaɗai. Mutum na ƙarshe daga waje da aka yi wa shi ne Korneliyus Balbus, a shekara ta 19 kafin miladiyya, kuma yaƙin da ya ci a nan cikin Saharar ne, da mutanen Garama na yankin Fezzan a Libiya ta yau. Daga nan ƙofofin suka yi ta ƙaruwa. Wani jerin gine-ginen birnin Rum da aka rubuta a ƙarni na 4 ya ƙidaya 36. Manya uku ne suka rage a tsaye: ta Titus, ta Sabtimiyus Seberus, da ta Konstantin.

Yanzu mu zo kan baka, don nan ne zuciyar maganar take.

Dutse yana da hali guda da duk magini ya sani. In ka danne shi, zai jure nauyin da hankali ba zai ɗauka ba. In ka ja shi ko ka nemi lanƙwasa shi, tsagewa zai yi. Ɗauki dogon dutse ka gitta shi a kan ginshiƙai biyu, ka ɗora masa kaya. Tsakiyarsa za ta nemi lotsawa, samansa ya matse, cikinsa na ƙasa ya miƙe, to daga ƙasan nan tsaga za ta faro. Shi ya sa ɗakunan bautar Girkawa suke cike da ginshiƙai kusa da kusa kamar shukar dawa: dutsen da ke gitte ba ya iya tsallake babban fili.

Baka ya kauce wa wannan rauni gaba ɗaya. Maimakon dogon dutse ɗaya, sai a sassaƙa gajeru da yawa, kowanne mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, kamar yankan kankana. A jera su su yi rabin da'ira. Kowane ɗaya yana son faɗowa, amma bayansa ya fi ramin da ke ƙarƙashinsa faɗi, don haka iyakar abin da zai iya shi ne ya matse na kusa da shi. Wancan ma ya matse na gaba, har nauyin ya gangara kan ƙafafun ginin. Babu dutse ɗaya a ciki da ake ja, duk danna ake yi, abin da dutse ya fi iya jurewa. Ƙarin nauyi a bisa ma ƙara ɗaure su yake yi.

Ina yaro na sha tsayawa kallon wani tsohon magini a unguwarmu yana ɗaura bakan gizo a zaure. Azara yake kafawa a jikin bango, ta leƙo kaɗan, ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, ya ɗaure da igiya, ya shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya bari ta sha iska, har na dama da na hagu su gamu a tsakiya. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. A ido, bakan gizonmu da bakan Rumawa 'yan'uwa ne. A ciki kuwa hanyarsu ta bambanta. Namu ƙashinsa itacen giginya ne, wanda ke jure ja da lanƙwasa, shi ya sa yake iya riƙe kansa tun ana tsakiyar aiki. Nasu ba shi da ƙashi ko ɗaya. Kafin a sa dutsen ƙarshe, tarin duwatsu ne kawai da ke jiran faɗuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba Rumawa suka ƙirƙiro baka ba. Mutanen Iraƙi ta dā da na Masar sun yi shi da tubali tun da daɗewa, maƙwabtan Rum kuma, Itruskawa, sun yi ƙofofin birni da shi. Abin da Rumawa suka yi shi ne suka zaɓi siffa ɗaya, cikakken rabin da'ira, suka nace mata a gada, a magudanar ruwa, a filin wasa. Dalilin mai sauƙi ne. Da turke ɗaya da igiya ɗaya za ka zana ta a ƙasa, kuma kowace gaɓa tsakanin duwatsun tana fuskantar turken nan. Ma'auni ɗaya na katako ya ishi masassaƙa goma su fitar da duwatsu iri ɗaya, ko a Siriya suke ko a Sifen.

Sai dai baka yana da sharaɗi. Nauyinsa ba ƙasa kaɗai yake bi ba, yana tura ƙafafunsa waje, kamar mutumin da ya tsaya tsakanin bango biyu ya tokare su da hannu. In ƙafa ɗaya ta gusa ko da faɗin yatsu ne, gaɓoɓi sun buɗe, shi ke nan. A gada, kowane baka maƙwabcinsa ne ke tokare shi. Ƙofar cin nasara ba ta da maƙwabci. Wannan ne ya sa ƙafafunta suke da kauri haka. Ƙofar Titus faɗinta mita 13 da rabi ne, amma hanyar da ke tsakiya ba ta kai rabin haka ba, sauran duk ƙafa ce.

To yaya ake aikin, daga farko?

Majalisa za ta zartar, a ware kuɗi, a ba ɗan kwangila. Mai zayyana zai fitar da awo da ƙafar Rumawa, wadda ta kusa santimita 30. Kafin a sara ko diga ɗaya a wurin ginin, an riga an aika saƙo mahaƙar dutse, domin nan ne jinkirin yake. Mabul da aka gina ƙofar Titus daga dutsen Fentelikon ya fito, kusa da Atina a Girka. Akwai na Luna, inda ake kira Karara yau a Italiya. Ginshiƙan rawaya na ƙofar Konstantin daga Shamtu suke a Tunisiya, jan dutsen nan mai ruwan hanta da ke jikinta kuma daga hamadar gabashin Masar. A mahaƙa, da diga ake tona siririn rami a kewaye dutsen da ake so, a huda ramuka a jere ta ƙasansa, a cusa ƙarafa masu tsini, a yi ta bugunsu bi da bi da guduma har ya ɓalle. In fale-fale ake so, da zarto marar haƙora ake yankawa, ana zuba yashi da ruwa, yashin ne ke cin dutsen. A nan take ake rage masa kauri, don kowane guntun da aka fasa aka yar, nauyi ne aka rage wa shanu. Ku tuna, mabul mai mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri ya kai tan 2.7.

Su wa ke wannan aikin? Akwai bayi, akwai waɗanda shari'a ta yanke wa hukuncin aikin mahaƙa, hukuncin da bai fi kisa sauƙi da yawa ba. Akwai kuma 'ya'ya masu karɓar lada. A wata mahaƙar Rumawa da ke hamadar Masar an tono dubban sakaina masu rubutu: lissafin albashi, rabon ruwa, wasiƙun neman abinci. Sunayen mutanen da ba za a taɓa gani a goshin ƙofa ba suna nan a kan fasassun tukwane.

Daga mahaƙa shanu ke jan dutsen bisa gungume zuwa bakin teku, jirgi ya kai shi bakin kogin Taiba, a sauya masa kwale-kwale mai faɗi, a ja shi da igiya daga gaɓa har cikin birni.

Kafin ya iso an gama harsashi. Rumawa suna da kankarensu. Sukan toya dutse ya zama farar ƙasa, su jiƙa ta, su haɗa da wata toka ta dutse mai aman wuta, wadda mafi shahararta daga Futeyoli take kusa da Nafoli, ko da yake akwai irinta a kewayen Rum. Wannan kwaɓi yana daskarewa har a cikin ruwa. Bitrubiyus, wanda ya rubuta littattafai goma kan gini a zamanin Agustus, ya ba da awo: kashi uku na yashin haƙa, kashi ɗaya na farar ƙasa. Ba kwarara shi suke yi ba yadda muke zuba dakin. Shimfiɗa kwaɓi ake yi, a jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu, a daddage, a sake shimfiɗawa. Babu rodi ko ɗaya. A kan wannan sai a jera ƙaƙƙarfan dutsen Tiboli, wanda ba ya tsoron damshi, daga nan mabul ya tashi.

Abin da yakan ba maginan yau mamaki shi ne, tsakanin manyan duwatsun nan ba a sa kwaɓi. Goge fuskokinsu ake yi har su zauna daram a kan juna. Don gudun gocewa, musamman in ƙasa ta girgiza, sai a sassaƙa gurbi a kan duwatsu biyu maƙwabta, a kwantar da ƙarfe mai lanƙwasassun baki biyu, a narka darma a zuba. Darmar tana riƙe ƙarfen, tana kuma hana shi tsatsa, don ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa dutse. Duk wanda ya ga hoton babban filin wasan Kolosiyam zai ga jikinsa duk ramuka kamar zanzana. Aikin mutanen baya ne, da ƙarfe ya yi tsada suka bi gaɓoɓin suna haƙo shi.

Ɗaga dutsen fa? Suna da na'ura ta dogayen itatuwa biyu da aka haɗa kawunansu, aka ɗaure da igiyoyi ta baya, aka rataya ƙananan wili masu kwari da igiya ke zagayawa. Yawan zagayen igiya, sauƙin ja. A babban aiki sukan haɗa ta da wani ƙaton wili na katako wanda mutane ke shiga cikinsa suna takawa, yana juyawa yana naɗe igiya. Mun san kamanninta domin wani ɗan kwangila daga gidan Hateri ya sa an sassaƙa ta a kabarinsa, ana ganin mutanen a ciki. Masu lissafi na zamaninmu sun ƙiyasta irin wannan tana ɗaga wajen tan 6. Abin da ya fi haka sai an haɗa hasumiyar katako da na'urori da yawa, kamar yadda aka ɗaga dutse mai tan 53 zuwa kan al'amudin Sarki Tirajan.

Akwai wata dabara ƙarama da nake so ku gani. In ka ɗaure dutse da igiya ta ƙarƙashinsa, yaya za ka zare ta bayan ya zauna? Sai suka riƙa haƙa rami a samansa, bakinsa tsukakke, cikinsa mai faɗi. A zura ƙarfe biyu masu faɗin gindi, a cusa na uku a tsakiya ya ware su, a soke su da ƙusa ɗaya. Ana ja sama, suna ƙara cijewa. Dutse ya zauna, a zare na tsakiya, sauran su fito salin-alin. Ramin yana nan, dutsen da ke bisa ya rufe shi. In gini ya rushe ana ganinsa, kuma daga inda aka haƙa shi ake gane cewa ma'aikacin ya san daidai inda nauyin dutsen ya rabu biyu.

Ƙafafu sun kai inda baka zai faro, sai birkila ya ja da baya, kafinta ya shigo. Na ce muku bakan dutse ba ya riƙe kansa sai an gama shi. Don haka sai an fara gina shi da katako: gado mai siffar rabin da'ira, mai ƙarfin ɗaukar dukan duwatsun. Sau da yawa a kan wani dutse da ya ɗan leƙo daga jikin ƙafa ake ɗora shi, wanda mai kallo zai zaci ado ne. Daga nan a fara jera yankakkun duwatsu, ɗaya dama, ɗaya hagu, don in gefe guda ya riga ɗan'uwansa nauyi, gadon zai karkace. Ana hawa, nauyin da ke kan katakon yana ƙaruwa, har a rage gurbi ɗaya tak a ƙololuwa. Nan ake sauko da dutsen kulle.

Mutane suna son su ce dutsen kulle ne ke riƙe da komai. A gaskiya kowane dutse a jerin in ka zare shi, bakan ya tafi. Darajar na kulle ita ce shi ne na ƙarshe, shi ya sa ake ƙawata shi, a sassaƙa masa siffa. Ranar tsoro ma ba ranar sa shi ba ce, ranar kwance gado ce. Ba a fizge shi gaba ɗaya. Akan sassauta ƙananan katakan da aka tokare shi da su kaɗan-kaɗan, gadon ya sauka da faɗin farce, duwatsun su nemi juna su cije, a saurara, a ƙara. Sai an ga haske tsakanin katako da dutse, sannan kowa ya yi ajiyar zuciya. A ganina wannan ce nasarar gaske da aka ci a wurin, kuma babu rubutun da ya ambace ta.

Sauran aikin zan bi shi da sauri. A saman baka ake ɗora goshi, wani dogon bango mai faɗi. A ƙofar Konstantin, wadda tsayinta mita 21 ne, faɗinta kusan 26, ƙasan tsantsar mabul ne, goshin kuwa jan bulo ne aka lulluɓe da mabul, cikinsa ɗaki ne da matakala, don kada a ɗora wa baka abin da bai kamata ba. Ginshiƙan nan kyawawa da ke tsaye a gaba, kusan ba abin da suke ɗauka, ado ne da aka aro daga Girkawa aka yafa wa ginin Rumawa kamar alkyabba. Yawancin sassaƙa mai laushi bayan an ɗora dutsen ake ƙarasa ta, mutum na kan dandamalin katako, don kada a ɓata ta wajen ɗagawa. Can ƙoli kuma karusar tagulla ce da sarki a ciki. Babu ko ɗaya da ta rage a wurinta, yawanci an narke su, sai a jikin tsabar kuɗinsu muke ganin yadda suke. Kuma kada farin da muke gani yau ya ruɗe mu, fenti gare su. A 2012 masu bincike sun gano ragowar rawayan fenti a jikin sassaƙar ƙofar Titus.

Rubutun goshi yana da muhimmanci ga abin da zan faɗa. Ana sassaƙa gurbin kowane baƙi, a zuba baƙin da tagulla, a bayansa akwai 'yan ƙusoshi da ake cusawa a ramuka a riƙe da darma. Manyan baƙaƙen bokon da muke rubuta Hausa da su yau, siffarsu daga irin wannan rubutu ta gangaro.

Yanzu da muka san aikin, mu karanta ƙofofin uku.

Ta Titus ƙanensa Domishiyan ne ya gina ta bayan rasuwarsa a shekara ta 81, don tuna cin Birnin Ƙudus a shekara ta 70. Rubutun goshinta gajere ne, majalisa da jama'ar Rum ne ke girmama Titus, bai ambaci waɗanda aka ci ba. Amma shiga ƙarƙashin bakan ka dubi bango. Ga sojoji sun saɓo alkuki mai rassa bakwai da teburi da ƙahonin azurfa da aka kwaso daga Haikali. Masassaƙin ya fito da na tsakiya sosai, ya bar na gefe sun nutse, har kana jin ayarin yana juyowa ya wuce ka. Gwaninta ce ta ƙarshe, kuma hoton baƙin cikin wata al'umma ne. Ɗaruruwan shekaru Yahudawan Rum ba sa yarda su ratsa ta ƙarƙashinta. Ina faɗin wannan don kada sha'awar aikin ta mantar da mu cewa kowace ƙofar cin nasara a kan gidajen wasu da aka ƙona take tsaye.

Wannan ƙofa ta sha wuya. A tsakiyar zamani wani gidan masu ƙarfi, Faranjifani, sun cusa ta cikin ganuwarsu, gefunanta suka lalace. Wajen 1821 Jusefe Baladiye ya gyara ta, kuma ya yi abin da nake girmamawa: inda ya cike, da dutsen Tiboli ya cike maimakon mabul, ya bar sababbin ginshiƙan sumul ba tsaga, don duk mai ido ya rarrabe tsoho da sabo. Duk wanda aka damƙa wa gyaran tsohuwar ganuwa ko tsohon masallaci a ƙasarmu, ina roƙonsa ya yi nazarin wannan amana.

Ta Sabtimiyus Seberus an gama ta a 203, mai baka uku, don yaƙinsa da Fartiyawa a gabas. An rubuta sunansa da na 'ya'yansa biyu, Karakala da Geta. Uban ya rasu a 211, kafin shekarar ta fita Karakala ya sa aka kashe ƙanensa a gaban mahaifiyarsu, ya ba da umarni a shafe sunansa ko'ina. Ma'aikata suka hau, suka ɓamɓare baƙaƙen layi na huɗu, suka ƙwaƙule fuskar dutsen, suka sa kalmomin yabo a gurbin. Sai dai ramukan ƙusoshin farko sun fi ƙwaƙular zurfi. Kowane baƙi yana da tsarin ramukansa, da haka masana suka bi su ɗaya-ɗaya suka karanto sunan Geta. Tagullar ta tafi tuntuni, ramukan suna nan.

Ta Konstantin an buɗe ta a 315, bayan ya ci Maksentiyus a gadar Milbiya a 312. Wannan yaƙin basasa ne, Barume ya ci Barume, shi ya sa rubutun bai kama sunan wanda aka ci ba, azzalumi kawai ya kira shi. Dubi jikinta kuma. Gumakan kamammu takwas da ke sama na zamanin Tirajan ne. Zagayayyun alluna takwas na Hadiriyan ne. Dogayen alluna takwas na goshi na Markus Awreliyus ne. An ciro su daga tsofaffin gine-gine, aka sake sassaƙa kawunan sarakunan, yawanci su zama fuskar Konstantin. In ka lura za ka ga kan ya ɗan yi wa jiki ƙanƙanta, don sassaƙa ragewa take yi, ba ta ƙarawa. Siririn zanen da aka yi a zamaninsa kuwa mutanensa gajeru ne, masu manyan kawuna, a jere. Mai zanen nan Rafayel ya kushe su ƙwarai, da yawa kuma sun bi shi suna cewa gwaninta ce ta mutu. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Bakunan uku sun zauna daidai, awon ginin ba shi da aibi, kuma haɗa duwatsun zamani huɗu su zama jiki ɗaya ba aikin ɗan koyo ba ne. Gaggawa akwai, tsimin kuɗi akwai, akwai kuma son a jingina sabon sarki da sarakunan da jama'a ke yi wa kallon adalai.

Ba sai mun je Italiya ba kafin mu ga irin wannan gini. Seberus kansa ɗan Afirka ne, haifaffen Labda a gaɓar Libiya, kuma a can akwai tasa mai fuska huɗu a kan mararraba. Akwai a Timgad da Tabassa da Jamila a Aljeriya, akwai a Walili a Maroko. A lardunan nan ba a yin hawan cin nasara, attajiran gari ne ke ginawa don neman shiga wurin sarki. Wadda ta fi kusa da tarihinmu ita ce ta Markus Awreliyus a Tarabulus, wadda wani mai kuɗin garin ya gina da mabul daga aljihunsa wajen shekara ta 165. Tana cikin tsohon gari, dab da tashar jiragen ruwa, a birnin da a dā ayarin Kano ke sauke fata da hauren giwa da gashin jimina bayan ya ratso Gat da Gadamas. A zamanin fataken nan ƙasa ta binne ƙafafunta, an toshe bakunanta an mai da ita shago da wurin ajiya, sai bayan Italiya ta kama Libiya a 1911 aka tone kewayenta. Yau in ka je, sai ka leƙa ƙasa kafin ka ga gindinta, domin titi ya hau ya bar ta a kwari. Rufinta na tsakiya ƙubba ce ta yankakkun duwatsu, suna nan a cije.

Shugaba, na ga lokaci ya ja, a nan zan dakata. Na hango dattawan magina biyu ko uku a sahun baya. Kafin ɗalibai su fara tambaya, ina roƙon a miƙa wa ɗayansu abin magana ya bayyana mana yadda ake gane bakan gizo ya sha iska har a ɗora masa azara ta gaba, don su a hannu suka san shi.